Wata uku ba za su isa shirin LSAT ba, in JAMB ce ta raine ka

Tambayi kowane Ba'amurke tsawon lokacin da ake ɗauka ana shirin LSAT, wato jarrabawar shiga makarantar lauyoyi a Amurka da Kanada, zai ce maka wata uku. A zaman da na yi a nan Amurka ina kallon 'ya'yan mutanenmu suna fafatawa da ita, na gamsu cewa wata ukun nan lissafin ɗan gida ne, wanda tun yana firamare aka saba masa da musu da malami a aji. Yaronmu da ya taso a Kano ko Zariya ya ware wata shida, in yana aiki ma ya ƙara.

Tsarin tun daga tushe daban yake. A Najeriya yaro na gama sakandare sai JAMB, darussa huɗu, maki 400, daga nan shekara biyar yana karatun shari'a a ABU ko BUK, sannan shekara guda a makarantar horar da lauyoyi ta Bwari ko Bagauda. A nan kuwa sai ka gama digirin farko a kowane fanni, ko da kiɗa ka karanta, kafin ka shiga makarantar lauyoyi ka yi shekara uku.

JAMB tana da manhaja. Mai ƙwaƙwalwar hadda zai kulle kansa a ɗaki da tsofaffin tambayoyi ya fito da maki mai kyau. LSAT kuwa ko sashe ɗaya na doka ba za ta tambaye ka ba. Ga irin abin da take yi: a ce maka an ƙara 'yan sanda a wani gari, sata ta ragu, saboda haka ƙarin 'yan sandan ne ya rage satar. Sai a jero maka amsoshi biyar, a ce wacce ta fi karya wannan hujja? Dole ka gano cewa wataƙila a shekarar ce aka sa fitilun kan titi. Tambayoyi kamar 25 a minti 35, ka ga ko minti ɗaya da rabi kowacce ba ta samu ba, ga Turancin a murɗe da gangan. Me za ka haddace a nan? Sai dai ka sake wa kanka salon karatu, shi kuma ba ya samuwa a gurguje.

Abin ya ƙara mana nauyi daga Agustan 2024, lokacin da aka cire sashen wasa ƙwaƙwalwa mai zane-zane, wanda shi ne ake iya ƙwarewa a kai da yawan maimaici. Yanzu sassa biyu na auna hujja da ɗaya na fahimtar dogon rubutu ne ke ba da maki. Amma fa na lura wanda ya zauna gaban malam ya ɗauki usulul fiƙihu, ya san ƙiyasi da illar hukunci, yakan kama zaren da wuri. Saurin karanta Turanci ne kawai ke ba shi wahala.

Shawarata, tun kafin ka sayi littafi, ka zauna ka yi tsohuwar jarrabawa guda da agogo a gabanka. Makin yana farawa daga 120 zuwa 180. Wanda ya tashi da 145 yana harin 165, aikinsa ba ɗaya ba ne da na wanda ya fara da 160. Irin su Yale da Harvard galibin ɗalibansu sun haura 170, sauran makarantu kuma da makin nan suke duba wa za su rage wa kuɗin karatu.

Kada kuma a yi mata irin ta JAMB, a ce a gwada bana, in ba a dace ba sai baɗi. Sau bakwai kacal aka yarda mutum ya zauna a rayuwarsa, kowane zama ya haura dala 200, makarantu kuma suna ganin makin zaman baya. Wajen Satumba ake buɗe neman gurbi, ana cika kujeru tun da wuri, don haka mai son zama a Yuni ya fara tun Janairu.

Wanda ya riga ya yi digirin shari'a a gida, shi kam hanyarsa ita ce LL.M ta shekara ɗaya, wato digiri na biyu a fannin shari'a, kuma ba a neman LSAT a can.