Lasifika takwas, waya ɗaya

Jama'ar zango, yau da masu shirya taro nake, kan yadda ake sa sauti a wasan kwaikwayo, musamman malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin matasa na Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Ankara, babban birnin Gana. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri. Da kaina zan fara, don ni na fara kwasar kunyar.

Shekaru kaɗan da suka wuce wata makarantar Islamiyya a unguwarmu ta yi walimar sauka. Yara sun shafe wata biyu suna rihazal ɗin wasan kwaikwayo, labarin wani saurayi da ya bi hanyar sahara zai tafi Libiya, ya bar uwarsa da bashi. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba har bakin kwata, an ɗauko sipina, wato mai sa kiɗa a biki, da lasifika takwas, irin waɗanda in aka buga sai ka ji abin a hanjinka. Ana saura kwana ɗaya Malam ya kira ni ya ce, "Kai da ka san kwamfuta, gobe ka riƙe mana sauti." Na ce, "To Malam, an gama." Na tara sautuka goma sha ɗaya a wayata, na yi barcina.

Aka zo wurin da ake kawo wa uwar labarin rasuwar ɗanta. Yarinyar da ta fito a uwa ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, amma wallahi ta iya. Na kunna kukan iska a hankali, ta durƙusa, wurin ya yi tsit, ina hango hajiyoyi a layin gaba suna share ido da bakin mayafi. Sai sautin iskar ya ƙare. Wayar ba ta yi wata-wata ba ta wuce na gaba, wato kiɗan bikin da muka tanada don fitowa ta ƙarshe. Lasifika takwas suka ɗauka gaba ɗaya. Kafin in lalubo inda zan kashe, fuskar wayar ta kulle, ga gumi a yatsa. Aka tuntsire da dariya. Yarinyar ta ɗago daga durƙuson ta dube ni, kuma har yau in na tuna wannan kallon sai jikina ya yi sanyi.

Na daɗe ina zagin wayar, daga baya na gane ba ta da laifi. Duk manhajar da aka yi don jin waƙa, ta waya ce ko VLC a laftof, an gina ta ne don kada a yi shiru: wannan ta ƙare, waccan ta shigo. Shi kuwa wasan dandamali rabinsa shiru ne. Abin da yake bukata shi ne na'urar da za ta buga sauti ɗaya, ta yi tsaye cik, ta jira har sai mutum ya ce mata tafi.

Irin wannan manhaja tana nan, an daɗe da yin ta, mu ne ba mu waiwaye ta ba. 'Yan dandamali suna kiran kowace gaɓar sauti kiyu. Za ka jera su daga sama zuwa ƙasa yadda wasan zai gudana, kowanne da lambarsa da sunansa: kiyu 1 sallamar buɗe taro, kiyu 2 hayaniyar tasha, kiyu 3 hayaniyar ta dushe cikin daƙiƙa biyar, haka har ƙarshe. Ranar wasa aikinka maɓalli ɗaya ne. Ka danna, abin da ke kan layi ya tashi, layin ya sauka kan na gaba ya zauna jira. Idonka yana kan dandamali, ba ka neman fayil cikin folda. Kowane kiyu yana riƙe da ƙarfin muryarsa da ka saita tun a rihazal, ya san daga wace daƙiƙa zai fara da inda zai tsaya. Kana iya cewa iska ta yi ta maimaita kanta ba yankewa har sai uwar ta miƙe, ko da yarinyar ta ƙara minti guda a kukanta. Kana iya ɗora kukan jariri a kan iskar ba tare da ɗayan ya kashe ɗayan ba. Da ina da wannan a ranar, da yarinyar nan ta gama kukanta lafiya.

Farkon ganina da yadda ake aikin nan a tsare shi ne a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke nan Ankara, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 1992. Wani abokina da ke harkar fitilu ya shigar da ni wajen masu aiki ranar wani gwaji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mai sautin ba shi yake yanke lokacin dannawa ba. Akwai mai kula da dandamali riƙe da takardar wasan, ta rubuta lambar kowane kiyu a gefen layin maganar da zai shigo. Ta abin kunne za ta ce masa ya shirya wa lamba kaza, ya amsa, sannan in lokaci ya yi ta ce tafi. Ba ihu, ba ɗaga hannu daga bayan labule ana "sa mana, sa mana" kamar yadda muke yi.

Wadda ta fi suna a wannan fanni ita ce QLab, ta kamfanin Figure 53 da ke Baltimo a Amurka. Maɓallin tafiyarta shi ne dogon nan na ƙasan allon rubutu. In abu ya rikice ka taɓa maɓallin Esc da ke can kusurwar hagu ta sama, komai ya dushe a hankali, in ka taɓa sau biyu ya ɗauke nan take. Har tana da saitin da ke hana ta amsa dannawa biyu a jere in hannunka ya yi rawa, kuma duk wanda ya taɓa zama a wannan kujera ya san hannu yana rawa. Ana amfani da ita kyauta in layin sauti biyu ya ishe ka, hagu da dama, wanda shi ne duk abin da tarukanmu ke bukata. In kana son fiye da haka ana hayar lasisinta na kwanaki.

To amma QLab ba ta aiki sai a kwamfutar Mac, kuma a nan nake rabuwa da wasu samarinmu da suka fara sanin harkar. Sun mai da ita abin taƙama, in ba ka da Mac kai ba mai sauti ba ne. Haba. Makaranta nawa a zango ke da kuɗin Mac, alhali albashin malamai ma sai an yi karo-karo? Tsohuwar laftof mai Windows da ke ofishin makaranta ta isa. Akwai MultiPlay, kyauta ce, fuskarta ba kyan gani amma tana jera kiyu, tana dusar da sauti, tana jira. Akwai Show Cue System ta kuɗi ga mai hali. Masu Linux suna da Linux Show Player, ita ma kyauta. Ni da MultiPlay na yi taro ya fi a ƙirga a kan laftof ɗin da murfinta ke ɗaure da salatif, ba wanda ya taɓa tashi daga cikin jama'a ya tambaye ni sunan manhajar.

Kada kuma a ce ina rage wa sipinoni daraja. Sipina gwani ne a nasa fagen. Ka ba shi filin biki, ya karanci mata, ya san lokacin da zai ɗaga da lokacin da zai sauke don a yi liƙi, ni ba zan iya rabin wannan ba. VirtualDJ ɗinsa an yi ta ne don haɗa waƙa da waƙa. Amma ƙarar rufe ƙofa da dole ta zo daidai da hannun ɗan wasa wata sana'a ce daban. Ku ɗauki kayansa haya, ya kula da miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka ta tura su lasifika, da makirfo, ku ba wani kujera a gefensa da laftof.

Akwai ƙananan abubuwa da sai ka ƙone kafin ka koya. Sautukan da ake turo maka ta WhatsApp kowanne da ƙarfinsa, wani kamar raɗa wani kamar aradu, dole ka daidaita su ɗaya bayan ɗaya a kan lasifikar da za a yi taron da ita, abin kunne yaudara ne. Da yawa suna da shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu a farko, in ba ka yanke shi ba ɗan wasa zai faɗi ƙasa sannan a ji harbin. Bluetooth kuwa a manta da shi, yana jinkiri kuma yana yankewa, a sa kebul. In ka haɗa laftof da miksa ka ji wani gurnani a ƙasa, zare cajar ka saurara. In ya ɗauke, to wutar ce ke shigo maka, maganinsa ɗan akwatin nan na DI da ake sawa tsakanin laftof da miksa. Fayilolinka duka su zauna a folda ɗaya a cikin laftof ɗin, kada ka buga daga fendiraf, yaro ɗaya ya gifta ya taɓa shi an gama da kai. Kashe intanet, kashe sanarwa, hana kwamfutar barci. Kuma, Allah Ya yafe mana, duba manhajar kiran salla. Na ga taron da ladanin cikin laftof ya katse mai jawabi ta lasifika, aka rasa mai ƙarfin halin kashewa, kowa ya sunkuyar da kai har aka kai ƙarshe.

Wuta ma sai an yi mata shiri. Mu da muka sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, a 2015 ba sai an yi mana bayani ba. Amfanin laftof shi ne batirinta, in wuta ta ɗauke jerinka yana nan inda ka tsaya, janareta ya tashi ka ci gaba. Sai dai ka sauke murya a miksa kafin a dawo da wutar, amfilifaya kuma ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Duk wannan mai sauƙi ne, yaro mai kai zai koye shi a yini biyu. Inda rigimata take shi ne wajen masu ba da umarni. Manhajar kiyu ba ta da amfani ga wanda bai yanke shawara ba. Jeri ne, kuma ba a jera abin da ba a sani ba. Mu kuwa al'adarmu ita ce a yi wata biyu ana koya wa yara magana da tafiya, a ɗinka kaya, a buga katin gayyata, a je gaishe da Sarkin Zango da limamai, a tsara wa zai zauna kusa da wa, sannan da safiyar taro a tuna da sauti. Kana zaune wani ya zo da waya, "Yaya, ga wannan, in yaron ya shigo ka sa." Wane yaron? Shigowa ta nawa? A kashe yaushe? "Za ka gani ai." Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu duk wanda ya neme ni, ko da malamina ne da ya koya mini alif da ba, ina gaya masa cikin ladabi: "Allah gafarta Malam, a ba ni takardar wasan mako biyu kafin rana, kuma in zauna a rihazal uku na ƙarshe. In ba zai yiwu ba a nemi wani." Da farko an ce na yi girman kai. Wani dattijo a kwamiti ma ya ce, "Danna waya ne sai an yi masa rihazal?" Ban ba shi amsa ba, na san yana wurin ranar kiɗan bikin, kuma yana cikin waɗanda suka fi dariya.

Ga batun kuɗi kuma. Ana ware ɗaruruwan sidi don lasifika ba a yi ciniki ba, amma yaron da zai kwana uku yana yanke sauti sai a sallame shi da robar wake da shinkafa da "Allah Ya yi albarka". Addu'ar muna so, amin. A haɗa da na mota.

Zan yarda da abu ɗaya da masu suka ke faɗa, don gaskiya ne. Ba kowane taro ke son jeri ba. Wasan barkwanci irin na kansat fati da aka san Gana da shi, inda ɗan wasa ke ƙirƙirar magana nan take yana bin dariyar jama'a, in ka ɗaure shi da kiyu ka kashe shi. A nan gara ka ɗora sautuka biyar ko shida a kan maɓallai daban-daban, ka bi shi duk inda ya nufa. Wurin da kuma akwai mai kalangu ko mawaƙan bege da bakinsu, rufe laftof ɗin ka ba su makirfo mai kyau. Makaɗi yana ganin ƙafar mai rawa ya canza hannu, kwamfuta ba ta gani. Ina jin haushin ganin an sallami makaɗi an sa kiɗan da aka ɗauko daga intanet don a rage kuɗi.

Bara makarantar nan ta sake yin walima, aka sake kirana, wannan karon da takarda a hannu tun da wuri. Kiyu 23 muka jera. Kun san a Ankara magariba ba ta nisa da ƙarfe 6 duk shekara, kuma kun san taronmu ba ya farawa a kan lokaci, don haka ladan ya kira muna tsakiyar wasa. Na dusar da kiyu 14, aka tashi aka yi salla, aka dawo, layi yana zaune a kan 15 yana jira. Yarinyar da na kunyata a wancan karon ita ce yanzu ke koyar da ƙananan, ita ta riƙe takarda a gefena tana ce mini tafi. Sau ɗaya na riga ta dannawa, ta harare ni.

Asabar mai zuwa bayan la'asar zan zauna da duk matashin da ke son koyo, a harabar makarantar da muka saba haɗuwa. Ku zo da laftof ko wace iri ce, da takardar wasa ko ta shafi biyu ce, da kebul ɗinku don nawa ɗaya ne. Wanda ya zo da waya kaɗai ba za a kore shi ba, amma shi zai sayi koko da ƙosai.