Safayata tana gida

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, na zama malamin tattalin mai. Esin motata na daina kunnawa, totur kuwa kamar ƙwai nake takawa. Sai wani mutuminmu na majalisar hira ya ce nauyi ke shan mai, kuma taya mai ƙarancin iska ɓarauniya ce. Gaskiya ya faɗa, ni ne na yi zalama. Na kwashe but tas, har safaya da jak. Mai faci ya ce iskar ta isa, na ce ƙara dai.

Ranar Asabar na ɗauko surukata daga Asokoro za mu Mararaba suna. Muna gangaren Kugbo sai ji kake fau! Tayar baya.

Na faka, na fito da ƙarfin hali, na buɗe but. Wayam. Buta ɗaya da darduma. Na rufe, na sake buɗewa, wai ko Allah zai yi ikonsa. Hajiya ta leƙo, tana fifita da gefen mayafi.

"Baban Ummi, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Mama. Safayar ce... tana gida."

"Gida? Ita ma hutu ka ba ta, kamar esin?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ban taɓa jin Hajiya ta yi min magana mai tsawon wannan ba tun da na auri 'yarta.

Amma wanda ya fi ƙona min rai wani yaro ne mai tallan fiya wata. Ba wanda ya kira shi. Ya sauke robarsa, ya leƙa but ɗin, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, sayarwa ka yi ka sha mai?" Alhajin ma da gatse ya faɗe shi. Kuma Hajiya ta sayi ruwa biyu a wurinsa, ta bar masa canji. Canji fa!

Ɗan acaɓa ya kai ni Nyanya da tayar a cinya, ta fashe ta gefe, ba ta facuwa. Kuɗin wata tayar ya ci man sati biyu.

Shi kuma mai shawarar, jiya na leƙa motarsa. Safaya biyu.