Tukunyar Baba daban ba ta gyara gida

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu na Jos, ni kam ban yarda da ita ba. Da zarar likita ya ce maigida na da hawan jini ko ciwon suga, sai a ɗora masa 'yar tukunyarsa daban, ba gishiri ba dunƙule, miya salam. Sauran mutanen gida kuwa suya ake yi yadda aka saba, ƙamshi na binsa har ɗaki. Zai daure na ɗan lokaci, daga baya ka gan shi gaban mai balangu a Bauchi Road bayan isha'i, yana cewa a haɗa da kitse a ƙara yaji. Sai a ce Baba ba ya jin magana. To wa zai ji?

Kuma yaran da ke cin babbar tukunya fa? Waɗannan cututtuka suna bin jini, gaskiya ne, amma abin da aka saba ci tun ƙuruciya shi ke share musu hanya. Babbar tukunyar ce ke neman gyara, kowa ya ci daga ita.

A fara da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin burodi da taliyar yara da dunƙule. Shi dunƙulen nan rabinsa ko fiye gishiri ne. Amma a tsaya a kalli yadda ake haɗa miya: a barbaɗa gishiri, a murje dunƙule huɗu, a ɗanɗana, a ƙara ɗaya. Ba rana ɗaya ake yankewa ba, in aka yi haka gida zai yi bore. A rage ɗaya wannan satin, a ƙara daddawa da tafarnuwa da citta, harshe da kansa zai saba.

Maza, kada mu jibga wa mata laifin. Wa ke cefane? Wa ke shigowa da katan ɗin lemo don a ce ya iya riƙon gida? Robar lemo ta rabin lita kan ɗauki suga kusan giram 50, wato iyakar abin da aka yarje wa babba na yini guda. Zoɓo da kunun aya ma in an antaya musu suga duk kanwar ja ce. Uwargida abin da aka kawo mata take dafawa.

Abin da ya fi ba ni haushi, a Jos muke. Je ka kasuwar Farin Gada da safe ka ga kabeji da karas da koren wake da latas jibge, motoci na lodi zuwa wasu jihohi. Mu da abin ke ƙofar gidanmu sai ranar suna muke tunawa da kabeji, a yanka ɗan kaɗan a gefen shinkafa a lulluɓe shi da bama. Ga gwate, tsakin masara ko acha da alayyahu da yakuwa da gauta, abincin da ganye ya fi hatsi yawa, amma wasu sun mai da shi abincin ranar da babu. Dankalin Bokkos da Mangu kuwa kullum sai ya yi iyo a mai, kamar an hana dafa shi. (Masu suga da ake ce wa acha magani ce, ita ma hatsi ce, malmala uku ba magani ba ne. Kuma gyaran abinci ba ya sa a ajiye maganin likita.)

Motsa jiki kuma, abin da ake nema ga babba minti 150 ne a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar. Yara awa ɗaya kullum. Namiji na iya fita filin wasa na Rwang Pam ko ƙwallon unguwa. Ita uwargida fa? Da ana daka da niƙa da ɗiban ruwa, yanzu inji ya karɓi da yawa, daga ƙofar gida sai Keke Napep. Maigida ya raka ta tattaki da yamma, ko maƙwabta su haɗu su taka zuwa Islamiyya. In fita ba ta yiwu, tsakar gida ma fili ne, a sayi igiyar tsalle ita da yara.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wajen Hajiya kaka. Ita a wurinta yaro mai kumatu shi ne lafiyayye, tumbi kuma alamar hutu. Tana ganin an hana biskit za ta ce, "Kun ramar min da miji, zo nan ka karɓa." Ba a yi mata gardama. A ce, "Hajiya, ke kika iya kwaɗon zogale, a koya wa yaran nan." A ajiye mata ayaba da gwaiba da gyaɗa a ɗaki, in jikoki sun shigo su ne za ta miƙa musu.