Kafin a ce tsautsayi ne

A Ingila, inda nake zaune, ba a ba mutum lasin tuƙi sai ya ci wata jarrabawa wadda ba ruwanta da iya riƙe sitiyari. Za a zaunar da kai gaban kwamfuta a nuna maka gajerun bidiyo 14, kamar kai ne a kujerar direba. Aikinka ɗaya: ka danna da zarar ka hango abin da zai sa ka taka birki ko ka kauce. Ƙwallo ta gangaro titi, ke nan akwai yaro a bayanta. Mota a gefen hanya ta kunna sigina, ke nan za ta fito. Wanda ya hango da wuri ya fi samun maki, kuma cikin maki 75 sai ka kawo 44. Tun 2002 suke wannan. Abin da suke aunawa shi ne ko idonka yana riga motarka isa wurin.

Lissafin da ke bayan abin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya ya duba waya na daƙiƙa biyu ya yi tafiyar sama da mita 50 ido rufe. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa take sau huɗu, ba sau biyu ba. Wannan ba dokar Turawa ba ce. Haka ƙarfe da taya suke a ko'ina.

Ina jin 'yan uwanmu da ke nan suna cewa direbobin gida ba su san haɗari ba. Ban yarda ba. Direban da ya shekara ashirin yana jigila tsakanin jihohi ya fi yawancin direbobin nan kaifin ido nesa ba kusa ba. Ya san kwanar da tireloli ke cin hannun wani, ya san inda shanu ke tsallakawa da magariba, da ganin ganye a shimfiɗe kan kwalta ya san mota ta mutu a gaba. Direban Ingila da ya saba da titi mai fenti da fitilu, in ka ajiye shi a wannan hanya da dare, ba zai kai ko'ina ba. Matsalar ita ce ilimin direbanmu a kansa yake, da shi zai shiga kabari. Yaron motarsa zai tsinci abin da ya tsinta, har da munanan ɗabi'un. Sannan shi kansa gwanin, abin da ya gani ba ya hana shi tafiya. Ya san tayar baya ta suɗe, ya san bai yi barci ba tun jiya, amma mai mota yana jiran balas, fasinja suna ta “direba ka taka mana”. Gani yana gani, ikon tsayawa ne ba shi da shi.

A nan direban babbar mota ba ya wuce awa huɗu da rabi a kan sitiyari sai ya huta minti 45, kuma akwai na'ura a motar da ke rubuta komai. In ya karya, shi da kamfanin duka za su amsa tambaya. Ƙaramar motar da ta kai shekara uku ana duba lafiyarta duk shekara, kuma zanen taya in ya gaza milimita 1.6 laifi ne. Kada a ɗauka haka suka tashi. A 1966 kusan mutum 8,000 suka mutu a titunan Birtaniya. Yanzu, da motoci suka ninka, ba su kai 2,000 a shekara ba. Sai a 1983 ma aka wajabta ɗaura bel a kujerar gaba, kuma sun yi gardama a kai kamar yadda muka yi lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta fara matsa wa mutane a 2003. Ita hukumar tana ƙirga mutuwar sama da mutum 5,000 a shekara a titunan Najeriya, kuma kowa ya san akwai waɗanda ake binnewa ba tare da sunansu ya shiga wani littafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba.

Wurin aiki ne ya fi ba ni mamaki. A babban siton da nake aiki akwai takardar da ake cikewa idan abu ya kusa faruwa amma bai faru ba. Kwali ya faɗo daga sama bai sami kowa ba, a rubuta. Motar ɗaga kaya ta kusa taka ƙafar wani, a rubuta. Za a zo a duba dalili: madubi ne babu a kwanar, ko layin masu tafiya da ƙafa ne ya goge? Mu kuwa in bulo ya faɗo daga bene ya wuce kan lebura da ɗan yatsa, sai a ce Allah ya kiyaye, a yi dariya, a ci gaba da aiki. Godiya ga Allah wajibi ce, ba ni da ja. Amma bulon nan gargaɗi ne kyauta, ba jini ba kuɗin asibiti, muka bar shi ya wuce. Ranar da na biyu ya faɗo ya sami wani, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mu ne fa muke cewa in gemun ɗan uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa.

Wani abin da na lura da shi: mu da an ce kariya, hular kwano da safar hannu ke zuwa mana a rai. A tsarin da ake koyarwa a nan, su ne na ƙarshe. Tambayar farko ita ce, za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya? In ba hali, za a iya raba shi da mutane, a sa wa fanbel ɗin injin niƙa murfi, a kafa shinge a bakin bene? Sai an gama wannan ake zancen abin da ma'aikaci zai saka. Bakaniken da ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, hula ba za ta yi masa komai ba. Mai gyaran inji a nan yakan kashe wuta ya sa wa makunnin kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihunsa, don kada wani ya zo ya kunna hannunsa na ciki. Kwaɗo ɗaya ne fa, ba wata na'ura ba.

Sai kuma haɗarin da ido ba ya gani, wanda shi kam sai an koya wa mutum. Hayaƙin janareta a rufaffen ɗaki yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai yi. Ƙurar dutse tana cin huhu a hankali cikin shekaru. A Zamfara a 2010, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 da gubar dalma. Fetur kuma tururinsa ke kamawa, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa da kwata ya yi nisa da inda ya zube. A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu a gefen tankar da ta faɗi. Watanni uku bayan haka aka sake yi a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Talauci ne ya kai mutane wurin da bokiti, gaskiya ne. Amma cikin waɗanda suka ƙone akwai 'yan kallo da suka ɗauka sun tsaya nesa.

Ba na cewa nan aljanna ce. Wani lokaci takardun sun fi aikin yawa, a sa hannu kan abin da ba wanda ya karanta. Masu kai saƙo a keke da babur, yawancinsu baƙi irinmu, manhaja ce ke kora su cikin ruwan sama kamar yadda balas ke kora direbanmu. Wanda takardun zamansa ba su cika ba kuwa ba ya buɗe baki ko me ya gani. Duk da haka, tun dokar lafiya da kariyar ma'aikata ta 1974, nauyin farko a wuyan mai ba da aiki yake, kuma a ƙarƙashin wata doka ta daban ma'aikaci yana iya barin wurin da ya ga ransa na cikin haɗari ba tare da doka ta yarda a kore shi a kan haka ba. Najeriya ma tana da dokar masana'antu ta 1987 da dokar diyyar ma'aikata ta 2010, sai dai galibin masu walda, leburori da yaran mota ba su da takardar ɗaukar aiki balle su nemi haƙƙi da ita.

Shi ya sa nake ganin abin da zai fi saurin tasiri a hannun ƙungiyoyi yake. Ƙungiyar direbobi tana iya hana mota lodi saboda kuɗin tikiti. Tana iya hana ta saboda suɗaɗɗiyar taya ko direban da ya kwana a hanya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ɗan kamashon da ke rubuta sunayen fasinja zai iya koyon karanta su cikin minti biyar.