Filashin giga 128 da cikinsa bai wuce 8 ba

Shekara ɗaya da rabi ina tara shaidar yadda ake ɗauke mana wuta, wani yaro a kasuwar waya ya cinye min ita a kan naira dubu tara.

Tun da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi biyan kuɗi, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, da alkawarin awa 20 kullum, na haɗa 'yar kwamfutar Raspberry Pi da manhajar Home Assistant a gida. Ita ke rubuta min lokacin da wuta ta zo, lokacin da aka ɗauke, abin da batirin sola ya sha, da sanda injin ruwa ya cika tanki. Har duhun Oktoban 2024, da Arewa ta yi sama da mako ba wuta, yana ciki. To, memorin da ke cikin kwamfutar ba ya jure rubutu dare da rana. Da ya fara gardama sai na ce bari in kwashe bayanan zuwa filash.

Kuma ban yi ganganci ba. Na tsayar da manhajar kafin in kwafa, don wanda ya kwafi rumbun bayanai ana cikin rubutu a kansa, gawa ya ɗauko. Na mayar da filash ɗin tsarin ajiyar fayil na ext4, na ɗaure shi da lambar shaidarsa da ake kira UUID don kwamfutar ta riƙa gane shi ko an sake kunnawa. Giga 11 suka nuna kamar sun shige lafiya lau. Wautata ɗaya: na goge na kan memori ban gwada ba. Washegari manhajar ta ce rumbun ya lalace, ta ture shi gefe ta buɗe sabo fil. Na gwada filash da F3, manhajar da ke auna ainihin girman cikinsa. Giga 8 ne cikinsa, sauran ƙarya ce aka rubuta masa a ka.

Na koma shagon. Yaron ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba.

"Samari, filash ɗin nan jabu ne."

"Baba, a kwalinsa ka saya."

"Ai kwalin ne na giga 128. Abin da ke ciki 8 ne."

Sai a nan ya dube ni, daga hula har takalmi. Ya karɓa, ya hura bakinsa, ya goga a riga, wai ko ƙura ce. Injiniya ke nan.

"Ka yi masa fomat, Baba. Kai ka ɓata shi. Mutane waƙa suke zubawa, ba wanda ya taɓa dawo mana da shi."

Na miƙa masa rasit. Ya nuna min ƙasan takardar da farce: kaya in sun fita ba sa dawowa. Ya ƙara da cewa akwai "orijina" na dubu ashirin in ina so. Wato ya san wanda ya ba ni.

Yaron ma ɗan kallo ne. Kwantena guda ake shigo da wannan shara ta tashar jirgin ruwa, ta wuce shinge nawa kafin ta iso Kano, kowane shinge da mai kaki da hannunsa a buɗe. Akwai masu karɓar albashi duk wata da sunan duba ingancin kaya. Magani jabu, taki jabu, batir jabu. Da gwamnati ta tsaya a kan alkawarinta na wuta, me zai kai magidanci ga zama akawun ɗauke wuta a gidansa? Ita kuwa mita tana nan a bango, lissafinta bai taɓa ɓacewa ba, ko na kwabo.