Ga 'yan uwa mata masu raino a Amurka, maganar kuɗin abincin yara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mu da muke riƙe 'ya'yan mutane a gidajenmu a nan Amurka. Maganar nan ta daɗe tana cin raina, yau dai bari in amayar da ita kowa ya huta. Akwai tsarin gwamnati da ke biyan mai raino kuɗin abincin da ta ciyar da yara, CACFP ake ce masa, amma sai ki ga mace ga lasisinta manne a bango, ga yara cike da falo, ta ƙi shiga, in kin tambaye ta dalili ta ce ita ba ta son takura, wata ta ce ai abincin Turawa za a tilasta mata, wata kuma ta ce takardun sun yi mata yawa. Takura kam akwai ta, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni a wurina takurar nan ta ma fi kuɗin amfani.

Abin ba na jiya ba ne. Tun 1968 aka fara shi a matsayin gwaji, a 1978 ya zama na dindindin, daga baya aka shigo da gidajen kula da tsofaffi. Ma'aikatar noma ta tarayya ce ke riƙe da shi, ita ke sakar wa jihohi kuɗi, ke kuma mai raino a gida ba kai tsaye za ki je wa jiha ba, sai ta hannun ƙungiyar da za ta tsaya miki, sifonsa kenan. Yara sama da miliyan 4 ke ci a ƙarƙashinsa kullum. Kowane yaro ana biya masa abinci biyu da abin taɓawa ɗaya a rana, ko abinci ɗaya da abin taɓawa biyu, ki ciyar, ki rubuta, ƙarshen wata ki tura lissafi a mayar miki.

To ga inda rigimar take. Abincin rana dole ya haɗa abu biyar: madara, nama ko madadinsa irin su ƙwai da wake da kifi, kayan lambu, 'ya'yan itace, sai hatsi. Kuma kowanne da awonsa. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 madararsa kashi uku cikin huɗu na kofi, nama oza ɗaya da rabi, kayan lambu kwatan kofi, 'ya'yan itace kwatan kofi. Yanzu don Allah mu ajiye son kai mu dubi farantin da muka saba tura wa yaro, shinkafa tsibi guda, miyar tumatir mai na iyo a sama, tsokar nama ɗaya kamar an ba da ita aro, sai jus ɗin kwali a gefe, yaro ya cinye cikinsa ya yi ƙato mu ce masha Allah ya ƙoshi. Ya ƙoshi ɗin, amma ina ganyen, ina lemon, ina abin da zai gina masa jiki? Mu Hausawa ƙoshi muke aunawa, su kuma abin da ke cikin ƙoshin suke aunawa, kuma a nan wallahi sun fi mu gaskiya.

Dokokin da aka sabunta suka fara aiki 1 ga Oktoba 2017 su ne suka fi ba mutanenmu haushi. An hana tsoma abu a tafasasshen mai a gidan rainon, wato ƙosai da fanke da soyayyar doya duk sun fita, ki soya ki ci da iyalinki ran Asabar amma ba za ki sa wa yaran raino ki nemi a biya ki ba. Jus sau ɗaya tak a rana, kuma sai na asali ɗari bisa ɗari, jariri ɗan ƙasa da shekara ma ba a ba shi sam, zoɓon da kika zuba wa suga kuwa ba ya cikin lissafi. Kek da donot da biskit mai zaƙi an daina ƙirga su a matsayin hatsi. Siriyal ɗin safe bai kamata ya wuce giram 6 na suga a kowace oza ba, yogot ma da iyakarsa, daga Oktoban 2025 aka koma auna sugan da kamfani ya ƙara da hannunsa, na yogot kar ya wuce giram 12 a oza 6. Ki shiga kanti ki juya bayan kwalayen nan masu hoton zane da yara ke kuka a kansu, rabinsu alewa ce aka sa wa sunan karin kumallo.

Madara kuma, dokokin na 2017 cewa suka yi ɗan shekara ɗaya a ba shi mai cikakken maiƙo, daga shekara 2 zuwa 5 sai wadda aka rage wa maiƙo ko aka cire gaba ɗaya, kuma ban da mai cakulan ko wani ɗanɗano. Iyaye suna yawan yi min ƙorafi a kan wannan, wata uwa ta ɗaga galan ɗin a kicin ɗina ta girgiza ta ce Maman yara wannan ai ruwa ne kike ba ɗana. Na ce to Hajiya dokar ce, a gida ki ba shi wadda kike so. Abin da ya burge ni a dokar shi ne uwa mai shayarwa, in ta tatso nononta ta kawo kika ba jariri ana biyanki, in ma ita ta zo da kanta lokacin hutun aiki ta zauna a kujerarki ta shayar, nan ma ana biyanki. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake yi.

Masu cewa abincin Turawa ne kawai, ku yi haƙuri ba ku karanta ba. Ba inda aka ce sai taliya da cuku. Alala tana shiga tunda turarawa ake yi, faten wake na shiga, dafaffen ƙwai, kifi gasasshe, miyar kuɓewa, alayyafo, kabewa, kwaɗon zogale, dankalin Hausa, gwanda, mangwaro, kankana. Gero da dawa suna cikin hatsin da suke kira cikakke, wanda dole ki ba da shi aƙalla sau ɗaya a rana, sai dai fa a nan akwai wani abu da ya kamata a lura, mu tuwonmu da surfaffen hatsi muka saba yi, a surfe a bushe dusar a ba awaki, to dusar nan da muke zubarwa ita suke nema. Sai ki sayi garin da aka rubuta a jikin ledarsa cewa da dusarsa aka niƙa, ki kuma ajiye ledar ko ki ɗauke ta hoto, don za a tambaya. Tuwon ya ɗan fi duhu, yara ba ruwansu, manya ne ke yatsina fuska.

Akwai inda ban yarda da su ba. Awarar da kika yi da hannunki daga waken suya ba ta shiga, sai ta kanti mai lakabi. Kindirmon da kika kwantar a gida ba ya shiga, sai yogot ɗin kamfani. Na gane hujjarsu, ba su da yadda za su auna abin da ke cikin na gida, amma abin da ɗan ciwo a ce nonon da kakanninmu suka yi ta raino da shi bai ci jarrabawa ba, na roba ya ci. Ni dai ina bi saboda doka ce, ba don zuciyata ta kwanta ba.

Sai maganar masu dubawa, wadda ita ce ainihin abin da mata ke gudu ko da ba su faɗa ba. Sifonsa tana turo mutum sau uku a shekara, aƙalla biyu ba sanarwa. Kina cikin zuba abinci za ki ji ƙwanƙwasa, ta shigo da kwamfutarta ta wanke hannu, ta buɗe firji ta duba irin madarar, ta juya kwalin siriyal, ta ƙirga kawunan yara ta gwada da sunayen da kika rubuta, ta dubi jadawalin abinci na bango ta dubi faranti. In kin rubuta lemo amma ayaba ce a farantin sai ki gyara takarda, in kin rubuta yaro ya ci alhali yau bai zo ba, to nan kam kin shiga uku. Ba daɗi, gidanki ne, ga baƙuwa tana leƙa miki tukunya. Amma ku tuna abin da ya faru a Minnesota lokacin korona da aka sassauta dubawa, ƙungiyar Feeding Our Future da mutanenta suka kwashe kusan dala miliyan 250 na abincin yara, sunayen yaran ƙarya suka riƙa cikawa a takarda, kuɗin suka tafi gidaje da motoci, har jakar kuɗi dala 120,000 aka kai gidan ɗaya daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci a 2024 don a saye ta. An gurfanar da mutum sama da 70, shugabar ƙungiyar Aimee Bock kotu ta same ta da laifi a Maris 2025. Bayan wannan wa zai ce kar a buɗe firji? Ni a buɗe nawa kullum ma, in dai hakan zai sa abincin ya isa bakin yaro.

Kuɗin kuwa kar wadda ta sa rai za ta yi arziki da shi. Tun dokar 1996 aka raba masu raino gida biyu. In unguwarki ta masu ƙaramin ƙarfi ce ko ke kanki samunki kaɗan ne, kina matakin farko, abincin rana dala uku da 'yan kai kan kowane yaro. In kina mataki na biyu bai kai dala biyu ba, abin taɓawa kuwa 'yan sulalla ne da ko tuffa ɗaya ba za su saya ba, alhali aikin takarda ɗaya ne, farashin madara da ƙwai ɗaya ne, mai dubawar ma ita ce dai. Lokacin korona an mayar da kowa matakin farko, zuwa ƙarshen Yunin 2023 aka janye, aka koma gidan jiya. Wannan rabon bai yi ba gaskiya, kuma yana cikin abin da ya sa gidajen raino da yawa suka fice daga tsarin. Duk da haka in kina da yara shida, ki lissafa na wata ki gani, cefanen sati biyu ne ko fiye kike bar wa gwamnati don kawai kina jin nauyin cike fom.

Duk sanda na zauna cike takardun nan sai gida ya faɗo min a rai. Ciyarwar da gwamnatin Najeriya ta fara a 2016 'yan aji 1 zuwa 3 na firamare ta ɗauka, naira 70 kan kowane yaro, a Janairun 2024 ma aka dakatar da ita tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Amma tsumburewa ba a aji ɗaya take kama yaro ba, tun yana ciki zuwa shekara biyu ake yin ɓarnar, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Kebbi da Jigawa ma sun haura kashi 60. Waɗannan yaran suna hannun kaka da maƙwabciya da yayar da ita ma yarinya ce, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi me aka ba su da rana, balle a biya mai ba su.

Wadda ta tambaye ni ta inbos ko tsarin ya yarda da naman halal, Hajiya ba wanda zai ce ki dafa naman alade, namanki na halal daga shagon da kika saba saye ya wadatar, ki dai riƙa ajiye rasit. Yaron da likita ya hana wani abinci kuma a karɓo takardar likitan a sa a fayil ɗinsa. Ki nemi ofishin jiharku da ke kula da shirin su ba ki jerin sifonsa na yankinku, ki kira biyu ko uku kafin ki zaɓa, don wasu da waya ake tura musu lissafi, wasu har yanzu sai takarda da biro.