Kuɗin adashin Inna ba na PlayStation ba ne

Jiya da la'asar wasu samari biyu suka shigo shagona na gyaran kwamfuta a nan Garwa suna musu kamar za su kai wa juna hannu. Ɗaya na cewa a sayi katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoto da bidiyo, a ƙara wa kwamfuta, ɗayan na cewa na'urar wasa ta PlayStation 5 ta fi. Na tambayi mai sayen, "Ƙanena, kuɗin fa daga ina?" Ko ƙifta ido bai yi ba ya ce, "Inna ce za ta kwashi adashi ƙarshen wata." Wallahi tun jiyan raina bai kwanta ba.

Shi musun nasu ba wani abu ne mai wuya ba. In kana da kwamfuta kana cin abinci da ita, kana haɗa bidiyon biki ko zane, kati zai amfane ka, ka yi aiki ka yi wasa. Katin RTX 4060 da ya fito a 2023 wutar wat 115 yake ja. RTX 3060 kuwa wat 170 ne, kuma Nvidia, kamfanin da ke ƙera su, da kanta ta ce a haɗa shi da akwatin ba kwamfuta wuta mai wat 550, to in naka ƙarami ne sai ka sake wani kashin kuɗi. In ƙwallo kawai kake son bugawa da abokai, PlayStation ta fi sauƙi, ka jona a talabijin shi ke nan. Amma ranar da ta fito a 2020 yuro 499 aka sa mata, wajen sefa dubu 327 ke nan, kafin kuɗin jirgi da na kwastan.

Sefa dubu 327! Ƙannena, ƙosai nawa uwa za ta soya kafin ta tara wannan? Asuba nawa za ta tashi tana shaƙar hayaƙi, kai kana barci don ka kwana kana danna-danna? Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Wani ya sa uwarsa ta sayar da ragon layya. Wani ya tsare ubansa ranar da aka biya kuɗin auduga, har da fushi da ƙin cin tuwo. Wani ma ya ce ai don karatu ne, alhali Bak ɗin, jarabawar gama sakandare, sau biyu yana faɗuwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma ku wahalar ma a kan iyayenku kuke sauke ta. Ban ma taɓo masu cacar ƙwallo a waya ba, waɗannan nasu ya fi muni, Allah Ya shirya.

Kuma ana yi wa rogo kallon kitse. Tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumban 2022, tsofaffin katuna suka cika kasuwa, waɗanda suka yi shekaru suna aiki dare da rana. A goge su a sa a kwali, yaro ya saya da gumin uwarsa. Ga zafin Garwa a watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙura, ga wuta da ke ɗaukewa in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, ta dawo da ƙarfi ta ƙona abu. Sai a kawo mini ana cewa, "Yaya, taimaka."

Ku ji tsoron Allah, ku nemi na kanku. Mu da muna tasowa, kuɗin farko da yaro ya samu gida yake kaiwa a sa masa albarka. Ko keke kake so, sai ka yi damina biyu a gona, kuma kunya ba za ta bar ka ka tambayi kuɗin da ke ɗaure a bakin zanen uwarka ba. Yanzu yaro ya san ranar kwasar adashinta, bai san ranar da maganin hawan jininta zai ƙare ba.

Yaron nan ya ce zai dawo ranar Asabar. Na san Innar tasa, a bakin kasuwa take suya, kuma gobe in Allah Ya kai mu zan je in gaishe ta.